Assha a Kan Kalar Gero

Shekaranjiya da la'asar ina tsince shinkafa a tsakar gida, autata ta zo ta tsaya a kaina da kayenta, littafin rubutunta na Ingilishi. Wata kalma ce ta tsaya mata a wuya. Ta faɗe ta sau uku, ni kuwa ban kama ko harafi ɗaya ba, don Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba, ita ma gaisuwar sai an yi mini uzuri. Ta ce mushensu, wato malaminsu, ya bayyana musu da Faransanci, wai kalma ce da ake faɗa in mutum ya yi abin da bai kamata ba, a nuna masa ba a ji daɗi ba, amma ba zagi ba ce, kuma ba a ɗaga murya wajen faɗinta. So take in gaya mata yadda ake cewa da Hausa. Ban ko ɗaga kai daga faifan ba na ce mata, "Assha." Sai na ji hannuna ya tsaya. Daga bakina kalmar ta fito, amma da muryar kakana, a hankali, da ɗan jan numfashi a ƙarshenta, yadda ya faɗa mini ita shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Yarinyar ta rubuta ta tafi abinta, ni kuma tsintar shinkafa ta gagare ni.

A ƙauyenmu, can Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, ba a rasa hanyar nuna wa yaro ya yi ba daidai ba, kuma kowa a gidanmu da tasa. Innata tsaki take ja, dogo, ba ta ko kallona, don ni ce 'yar fari, kunya ba ta barin ta yi mini magana ido da ido. Babana harara ce tasa, in abin ya kai maƙura ya ce tir, ya kaɗe riga ya fita. Gwaggona kuwa baki ne da ita, za ta wanke ka tas tun daga rijiya har gida, in an jima kuma ta kira ka ta miƙa maka ƙanzo. Duk waɗannan na sha su, ba wanda ya taɓa hana ni cin tuwo. Sai da na girma na gane bambancinsu. Mai cewa tir ya ture ka gefe, aƙalla na wannan yinin. Mai cewa assha bai ture ka ba, yana nan riƙe da kai, abin da ka yi ne ya yi masa ciwo, har da tausayinka a ciki. Shi ya sa ake faɗinta ga wanda ya yi laifi, a kuma faɗe ta ga wanda ya yi tuntuɓe ya faɗi. Ni sau ɗaya tak kakana ya ce mini ita.

Kafin nan, tsakanina da shi sai wasa, irin na kaka da jika. Bai taɓa kirana da sunana ba, amarya yake ce mini. Kullum da safe in na kai masa kunu a ƙofar gida, inda yake zama yana tufka igiya, sai ya leƙa ƙwaryar ya ce wannan amarya ba ta iya komai ba, yau zai mayar da ni gidanmu. Ni kuma in ce ai dama na gaji da miji marar haƙori, in ja gemunsa in ruga. Abokansa tsofaffi su yi ta dariya suna zuga mu. A gidan da uwa ba ta kiran sunanka, uba kuma ba a zama kusa da shi, wannan tsoho shi ne kaɗai babban da nake iya jingina da shi in yi surutu son raina. In na ce ina sonsa ban faɗi rabin abin ba.

Shekarar da abin ya faru ina da kamar shekara tara, na shiga lakwal ke nan, wato makarantar boko. Damina ta yi kyau, ba laifi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda gari yake in gero ya nuna. Ƙanshin tumu yana tashi daga kowane murhu, yara bakinmu baƙi ƙirin da toka, ƙarangiya ta bushe tana kama zane da ƙafa, ba ka isa ka ratsa jigawa ka fito lafiya ba. Maza su kwantar da kara, su bi layi suna yanke zangarniya da 'yar wuƙa suna tarawa tsibi-tsibi, daga baya a ɗaure dami a kai rumbu. Mu yara mata aikinmu kai ruwa da hura gona.

A nan ne na lura da wani abu. Kakana, duk da tsufansa, ba ya yarda a yi girbi ba shi. In yana yanka, sai in ga zangarniya ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa ƙarƙashin kara, ya wuce bai ɗauka ba. Wani karan ma ya tsallake shi ɗungum da geronsa a jiki. Kuma ba ƙananan ba, manya-manya masu cika hannu. Na ce a raina, shi ke nan, idon mijina ya tafi. Ga shi kuma a lakwal mushe ya gama cika mana kunne da cewa ɓarnar abinci ita ke kawo yunwa ƙasa. Sai dabara ta zo mini: in tattara duk abin da ya zubar, in kawo in juye a gaban abokansa, in ga bakin da zai ƙara cewa ban iya komai ba.

Da aka gama kwashe dami, kwana uku ina sammako da kwando. Na bi gonar nan layi-layi, ina ɗaga kowane kara, ban bar ko tsinke ba. Abin da na samu ina ɓoye shi bayan rumbun innata, in rufe da tsohuwar tabarma. Na san ana kala, mana. Na sha ganin mata suna bin gonakin mutane bayan girbi suna tsintar abin da ya rage. Amma a tunanina na lokacin, kala sakacin mai gona ce, wanda ya riga wani shi ya ci.

Rana ta uku na ci karo da ita. Wata tsohuwa ce Buzuwa da ke zaune a bukkar tabarmi a arewacin gari, ita da wata 'yar jikarta ƙarama. Daga arewa suka sauko shekarar farin da ya cinye musu dabbobi. Saƙar tabarma take yi da kaba, ba ta shiga gidan kowa, ba ta kuma cika magana ba, don Hausarta ba ta nuna sosai ba. Na same ta a tsakiyar gonar kakana da wani ɗan buhu a hannu, tana ɗaga kara da sanda tana sakewa. Buhun ba komai a ciki. Ni kuwa ga kwando a kai, cike. Da fara'ata, wallahi ba da mugunta ba, na ce mata, "Iya, kin makara, na riga ki." Ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ninke buhunta gida huɗu ta saka a hammata, ta juya.

Bayan azahar na kinkimo gerona duka, sawu biyu, na juye a gaban tabarmar kakana. Na riƙe ƙugu na ce wa abokansa su zo su ga abin da makahon mijina ya zubar a gona, su faɗi gaskiya tsakanina da shi wa ya fi wani amfani a gidan nan. Na jira dariya, ba wanda ya yi. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Kakana ya ajiye igiyar da yake tufkawa ya tambaye ni ko na ga wani a gonar. Na ce na ga tsohuwar bukka, har na maimaita masa abin da na ce mata, ina jin kaina gwana. Ya daɗe yana kallon tulin geron, sannan ya ce, "Assha."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba, ni kuma na kwashe gerona na mayar bayan rumbu, ban san abin da na yi ba.

Washegari na kai masa kunu. Na durƙusa na ajiye, ina jira ya leƙa ƙwaryar ya kushe. Sai ya kira ni da sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya tambaye ni ko na tashi lafiya, ya tambayi innata, ya sa mini albarka, kamar yadda yake yi wa 'yar maƙwabta in an aiko ta. Ba ɗaure fuska, ba faɗa. Na tashi na koma cikin gida na zauna gindin turmi na yi kuka mai isata. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gwaggona ce ta same ni a nan. Tana jin labari ta riƙe haɓa. Ta ce, ke wawuya, kin zaci idonsa ne ya mutu? Mutumin da ke hango raƙumi tun yana bayan tudu ya faɗi mai shi? Da gangan yake zubarwa. Haka ya ga ubansa yana yi, kuma duk gidan da ya san kansa a garin nan haka yake yi. Zakka daban, ita ana fitar da ita a bainar jama'a a ba waɗanda aka sani. Wannan kuwa ta waɗanda ba za su iya miƙa hannu ba ce. Ta ce tun da tsohuwar nan ta sauka garin, gonar kakana ce wurin kalarta, kowa ya sani, sauran mata ma ba sa shiga, suna bar mata. Abin da take samu a nan shi ke riƙe su ita da jikarta wata biyu ko uku. Daga nan aka kira gwaggona waje, maganar ta yanke.

Da na tsaya ta ƙarasa, da ban yi kuskure na biyu ba. Amma ni tun ina yarinya gaggawa ce da ni, har yau ban rabu da ita ba. Na ce ai gyaran mai sauƙi ne, gero dai yana nan. Na cika babban kwando na ɗora a kai, na ratsa ta tsakiyar gari da hantsi, daidai lokacin da mata ke dawowa daga rijiya. Suna tambayata ina zuwa, ina gaya musu da ƙarfi, don in nuna na shiryu. Wasu yara suka biyo ni. Haka muka isa ƙofar bukkar nan kamar 'yan kai lefe. Na sauke kwandon a gabanta na ce ga geronta na kawo mata.

Tana zaune tana saƙa, jikarta na jingine da ita. Ta dubi yaran da ke bayana, ta dubi matan da suka tsaya nesa da tulunansu. Sannan ta yi magana da Hausarta mai nauyi, ba fushi a muryarta. "Abin da ke ƙasa, na Allah ne, ina ɗauka. Wannan ya shiga gidanku, naku ne. Ni ban yi bara ba, 'yata." Ta mayar da kai kan saƙarta. Yarinyar ce ta yi ta kallon kwandon har na ɗauke shi, idon nan nata bai bar ni ba har yau.

Da na koma, gwaggona ba ta ma iya yi mini faɗa ba, abin da ban taɓa gani ba. A hankali ta gaya mini cewa matar nan a da tana da garken awaki da raƙuma, baƙi suna sauka a wurinta su sha nono su ƙoshi. Irinta yunwa ta fi mata sauƙi a kan a gan ta tana karɓa. Kala kuwa guminta ne, ta sunkuya ta tsinta, ba wanda ya ba ta, ba wanda za ta yi wa godiya. Dalilin zubarwar ke nan tun farko. Ni kuma na ɗauke mata abincin, na dawo na ɗauke mata sirrin.

A yammacin nan mai shela ya zaga gari da sanarwar mai gari: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a saki gonaki, makiyaya su shigo da dabbobinsu su ci kara. Ranar Laraba ce. Duk abin da ke ƙasa a gona, kwana ɗaya da rabi ya rage masa.

Alhamis da sassafe, gari ya fara haske ke nan, na yi sawu uku zuwa gona ba tare da na gaya wa kowa ba. Na bi layi ina mayar da zangarniya ɗaya-ɗaya ƙarƙashin kara, ina ƙoƙarin tuna inda na ɗauko kowace. Na share sawuna da reshe gwargwadon iyawata. Sannan na laɓe bayan wata aduwa a gefen gonar, na zuba ido ga hanyar arewa. A raina, in ta zo ta cika buhunta, gobe da safe kakana zai leƙa kununa ya ce ya yi ruwa. Ban je lakwal ba ranar. Rana ta take, ƙishirwa ta dame ni, kurciyoyi suka sauka suka fara cin rabonsu, ina jifansu da tsakuwa daga maɓoyata. Har rana ta yi ja ba ta zo ba.

Juma'a na koma. Na ji kiran salla daga nesa, na ji an idar. Ba a daɗe ba na fara jin kukan shanu da muryar makiyaya suna kora. Suka kwararo ta gabas, shanu a gaba, tumaki da awaki a baya. Wata jar saniya mai manyan ƙaho ta tura hanci ƙarƙashin karan farko ta zaro zangarniya, ta tsaya tana tauna a natse, tana kaɗa wutsiya. Ina kallo suka bi gonar nan kaf. Ban iya ko kuka ba.

Ban ji zuwansa ba, sai inuwarsa na gani kusa da tawa. Da rigarsa ta Juma'a ya zo, daga masallaci kai tsaye. Ashe duk sharar sawun da na yi a banza, mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin sawun dabba a rairayi ba jikarsa ce za ta ɓace masa ba. Ya tsaya muna kallon shanun tare. Can ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya shiga cire mini ƙarangiyar da ta cika bakin zanena da ƙafafuna, ɗaya bayan ɗaya, yana jefarwa. Da ya gama ya dafa kafaɗata ya miƙe ya ce mu je gida, rana ta yi zafi.

Daga baya na ji cewa ya aiki gwaggona ta sa tsohuwar ta saƙa masa tabarmi biyu, ya aika mata da gero fiye da ƙimarsu. Ta auni daidai na tabarminta ta mayar da saura. Kafin sanyi ya shiga sosai, wata safiya aka ga wurin bukkarta fili, sai duwatsun murhu uku. Waɗanda suka yi sammakon rijiya sun ce sun gan ta ta ɗora tabarminta a kan jaki, yarinyar a sama, sun yi kudu. Ba wanda ya ce saboda ni ta tafi, irinsu dama ba sa daɗewa wuri guda. Amma ba wanda ya ce mini ba saboda ni ba ne.

Wasa ya dawo bayan kamar kwana goma. Na ajiye kunu na juya zan tafi, sai na ji ya ce wa abokinsa ya duba masa, wannan kunu ne ko ruwan wanke ƙwarya, anya ba zai sake sabuwar amarya ba kuwa? Na tsaya cak. Maimakon in rama, sai na faɗa jikinsa na ɓoye fuska a rigarsa mai warin hayaƙi da taba. Tsofaffin suka yi kamar ba su gani ba. Maganar kala bai taɓa tayar mini da ita ba. Sai da girbi ya zagayo ya kira ni gona, ya sa ni a gabansa, ya ba ni wuƙarsa. Na yanki wata zangarniya babba, zan jefa a tsibi, ya riƙe hannuna. "Sake ta," ya ce. "Kada ki duba inda ta faɗi." Shekara huɗu bayan haka, ina Damagaram wajen karatu, aka aiko cewa ya rasu. Ban samu jana'izarsa ba.

Bara na je gida lokacin girbi. Gonar nan an raba ta gida biyar, ruwa kuma bai zama kamar da ba. Ƙanena ne ke noma kason babanmu. Ya yanke geronsa tas, ya sa 'ya'yansa suka bi suka tsince, karan ma ya ɗaure ya ɗora a kan rufi, don yanzu sayar da shi ake yi in rani ya yi nisa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na dubi yawan bakunan da ke gidansa da ɗan abin da ya shiga rumbu, na yi shiru. Ban san ko akwai wata tsohuwa a gefen gari da ke jiran a bar mata wani abu ba. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Innata ta rasu, babana ya rasu, gwaggona mai baki ita ma ta yi shiru tun tuni. Yanzu ni ce babba. Ina yin kuskure kamar kowa, wataƙila ma fiye da da, don gaggawar tana nan, harshen ma ya ƙara kaifi. Akwai ranakun da nake faɗa wa surukata ko maƙwabciyata maganar da na san ba ta dace ba, in kwana ina jin nauyinta, ina marmarin a samu mutum ɗaya a duniya da ya isa ya dube ni ya nuna mini abin ya yi masa ciwo. Babu shi. Gari ya waye su zo su durƙusa, su tambaye ni ko na tashi lafiya, su tambayi mutanen gida, cikin ladabi da girmamawa. Ni kuma in amsa musu lafiya lau.